Ruwan burtsatsenmu garau yake, amma wa ya auna dalmar da ke cikinsa?

Sakataren Unguwa:
Assalamu alaikum wa rahmatullahi. 'Yan uwa, ina da tambayar da ta hana ni sukuni tun makon jiya, kuma na san a cikinmu akwai likitoci da malaman kimiyya. Shekara biyu ke nan da jama'ar unguwarmu suka yi karo-karo muka haƙa burtsatse a harabar masallaci. Da aka gama aikin an kai ruwan gwaji, takarda ta dawo cewa babu ƙwayoyin cuta a cikinsa, kuma tun daga lokacin amai da gudawa suka ragu a tsakanin yara, har 'yan garuwa ma a nan suke ɗiba. To, a bayan katangar masallacin akwai wani fili inda wasu samari suke fasa tsofaffin baturan mota, su tsiyaye ruwan batir a ƙasa, su narka dalmar su sayar. Ɗana da yake karatun haɗa magunguna ya zo hutu ya ga wurin, sai ya ce mini gwajin da muka yi bai taɓo ƙarafa ba ko kaɗan, kuma wai dalma tana sa jikin mutum ya yi tsatsa daga ciki. Na ce masa ai ruwa ba ya tsami banza, namu kuwa bai yi tsami ba, bai sauya launi ba, ba ya wari. Ya ce in tambayi waɗanda suka fi shi sani. Shin mene ne wannan tsatsa, kuma akwai hujjar da za ta sa mu sake tara wa mutane kuɗi a kan ruwan da ido ya ga garau yake?

Malamar Kimiyyar Jiki:
Wa alaikumus salam, Baba Sakatare. Allah ya yi wa yaron nan albarka, domin gaskiya ya faɗa, kuma kalmar tsatsa da ya zaɓa ta yi kusa da ma'anar ƙwarai. Abin da masana suke kira oksidatif sitires, wanda wani masani Bajamushe, Helmut Sies, ya fayyace ma'anarsa a 1985, dangin abin da muke gani ne kullum: ƙarfe ya yi tsatsa, dankalin da aka fere ya yi duhu, man gyaɗa ya daɗe ya sauya wari. Duk aikin iskar oksijin ne.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da wasu 'yan murahu da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona abinci da oksijin a samu ƙarfi. Babu murhun da ba ya tartsatsi, kuma tartsatsin nan wasu nau'o'in oksijin ne masu zafin nama, waɗanda duk abin da suka taɓa sai sun fizge masa wani abu: kitsen da ya yi wa ƙwayar halitta bango, sunadaran da suke gudanar da aikinta, har da kundin gado da ke tsakiyarta. Sai dai Allah bai bar jiki haka nan ba. Akwai masu kashe tartsatsi, babbansu wani sinadari ne mai suna gulutatayon, sannan akwai wasu sunadarai ma'aikata da suke dogara da zinki da jan ƙarfe da seleniyom wajen aikinsu. Muddin masu kashewa sun fi ƙarfin tartsatsin, lafiya lau, hasali ma jiki yana amfani da kaɗan daga cikinsa wajen hallaka ƙwayoyin cuta. Matsala tana farawa ne ranar da ma'aunin ya rinjaya.

Ƙarafa masu guba ta hanya biyu suke rinjayar da shi. Wasu, irin su baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da kuromiyom, su da kansu suke hura wutar, suna mayar da tartsatsi mai sauƙi ya koma mafi muni. Wasu kuma, wato dalma da kadmiyom da zaiba da asenik, sun fi yin ɓarna ta hanyar ɗaure masu kashe gobarar, domin suna da kwaɗayin sinadarin farar wuta, shi kuwa gulutatayon da farar wuta yake aiki, saboda haka sai su manne masa su hana shi motsi. Dalma tana da wata mugunta ta daban. Akwai wani ma'aikaci a layin haɗa jini wanda zinki ne makullinsa, sai ta ture zinkin ta zauna a gurbinsa, aikin ya tsaya, kayan da aka tara domin haɗa jini su taru su ruɓe su ƙara wani tartsatsin. Shi ya sa yaron da dalma ta kama yake fama da ƙarancin jini da kuma wannan tsatsa a lokaci guda.

Batun ido kuwa, Baba, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na dalma a ruwan sha maikurogiram 10 ne a lita, kuma haka ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta 2007 ta tanada. Wannan daidai yake da a narka giram ɗaya tak a cikin tanki ɗari masu cin lita dubu-dubu. Na kadmiyom 3 ne, na asenik 10. Babu harshen da zai ɗanɗana wannan, babu idon da zai gan shi.

Mai Haƙar Burtsatse:
Malama, na karanta bayaninki kuma na ƙaru, amma ina roƙon kada a tsorata jama'a su gudu daga burtsatse su koma rijiyar da ba ta da murfi ko kududdufi, domin kwalara a kwana ɗaya take kashe mutum. A sanina na wanda ya shafe shekaru yana wannan sana'a, dalma ba ta da saurin tafiya a cikin ƙasa. Laka da jan marmara suna kama ta, galibi a saman ƙasa take maƙalewa. Idan rijiyar ta yi zurfi, an sa bututu mai kyau, kuma an cika gefen bututun da siminti daga sama zuwa 'yan mitoci ƙasa, da wuya abin da aka zubar a doron ƙasa ya sauka.

Sai dai dole in faɗi abin da ke tsakanina da Allah. Wannan cikon simintin shi ne abu na farko da ake yankewa idan mai aiki ya matsa a rage masa kuɗi, domin babu mai ganinsa bayan an gama. Idan babu shi, gefen bututun ya zama kwata, ruwan sama ya kwaso abin da ke sama ya zurara da shi kai tsaye. Kuma ruwan batir asid ne, asid kuwa shi yake kwance dalma daga jikin ƙasa ya ba ta ƙafa. Saboda haka, Malam Sakatare, ka nemo wanda ya yi muku aikin ka tambaye shi zurfin rijiyar, da zurfin da aka tarar da ruwa, da kuma ko an yi cikon. Ka duba kuma kan famfo da mahaɗan bututu, domin da yawa daga na tagulla masu arha akwai dalma a haɗinsu, kuma idan ruwa ya kwana a ciki yana jiƙo ta.

Malamar Kimiyyar Jiki:
Injiniya, ban ce a guje wa burtsatse ba, amma zurfi kaɗai ba shaida ba ne. A Bangaladash, daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin famfo domin a raba mutane da ruwan tafki mai kawo gudawa, kuma an yi nasara a kan gudawar. Sai a 1993 aka tabbatar cewa ƙasar da ake zuƙo ruwan daga cikinta tana ɗauke da asenik tun halittarta, babu wata masana'anta da ta zuba. Mutane miliyoyi sun sha shi shekara da shekaru kafin tabo ya fara fitowa a tafin hannu da na ƙafa, daga baya kuma sankarar fata da ta mafitsara da ta huhu. An gudu ba a tsira ba. Abin da suka koma yi shi ne auna rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, a shafa wa bakin famfo jan fenti ko kore, kuma sau da yawa rijiya biyu a ƙauye ɗaya sukan sha bamban.

Bazamfare:
Ni kam ina ganin ku duka kun zuba ido a kan ruwa kun bar abin da ya fi kusa da yaran. Mu mutanen Zamfara mun ga dalma ido da ido a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka riƙa kawo duwatsu cikin gida, mata suna dakawa a turmi, ana kai wa injin niƙa, wani lokaci ma injin da ake niƙa hatsi. Duwatsun nan cike suke da dalma. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga nan yara suka shiga jijjiga suna mutuwa, ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har sai da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta lura cewa maganin waɗannan cututtuka ba ya yi musu aiki, aka aika da jini waje aka auna. A ƙauyuka biyu da masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka bi gida-gida, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu ta haura 400. Bagega kuwa sai a 2013 aka samu kuɗin share ta, bayan an yi ta kiraye-kiraye, sannan a 2015 abin ya sake ɓulla a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Abin da nake son a riƙe shi ne, ƙura da ƙasa su ne babbar ƙofar da gubar ta shiga. Tabbas kududdufan da ake wanke duwatsu sun gurɓata, wasu rijiyoyi ma ƙurar ta faɗa musu, amma yaro mai rarrafe da yake sa hannu a ƙasa ya kai baki shi ya fi kwasa. Da aka zo gyara ma, ƙasar tsakar gida aka kankare aka kwashe aka zubo sabuwa. Saboda haka, Baba Sakatare, ko da gwaji ya nuna ruwanku lafiya lau, kada ku yi murna tukuna. Su waye suke wasa a bayan katangar nan? Samarin da suke narka dalmar, da wace riga suke komawa gida, kuma wa yake wanke ta?

Likitan Yara:
Ɗan uwa Bazamfare, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri. Maganarka tana kan hanya, kuma akwai misalin da ya yi daidai da halin da Baba yake ciki. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu saboda sana'ar fasa baturan mota da tace ƙasar wurin domin tsinto dalma.

Ina so kuma in ɗan ja da Malama a kan wani abu, ba don bayaninta bai inganta ba, sai don kada a fita da fahimtar da ba ita ba. Wannan tsatsa hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyin ɓarnar dalma. A ƙwaƙwalwar yaro, babban laifinta shi ne tana shigar burtu ta yi kama da kalsiyom, ta shiga inda jijiyoyi suke isar da saƙo ta hargitsa su a daidai lokacin da ake gina su. Sannan a asibiti ba ma auna tsatsar. Akwai alamominta da masu bincike suke aunawa a jini da fitsari, amma zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga su, sikila tana ɗaga su, hayaƙin itace da taba suna ɗaga su, saboda haka ba za su gaya maka cewa dalma ce ba. Abin da muke aunawa shi ne dalmar kanta a cikin jini. Babu adadin da aka sani cewa ba ya cutarwa. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikurogiram 5 a kowace desilita ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, a fara neman inda gubar take fitowa a toshe, idan kuma ya kai 45 ga yaro, a nan ake maganar magungunan da suke kamo ƙarfen su fitar da shi ta fitsari. A Zamfara kusan dukkan yaran da aka fara aunawa sun kai wannan matakin, wasu ma sun zarce iyakar abin da na'urar hannu take iya karantawa.

Yawancin waɗanda abin ya shafa ba sa jijjiga. Yaro ne kawai mai yawan ciwon ciki, marar cin abinci, mai saurin fushi, wanda aka kai makaranta karatu ya ƙi zama, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Hanjin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. A jini takan ragu da rabi cikin kamar wata guda, amma mafi yawanta ƙashi take komawa ta kwanta shekaru masu yawa, kuma idan yarinya ta girma ta samu juna biyu, jiki ya fara ɗebo kalsiyom daga ƙashi domin ɗan tayi, dalmar tana biyowa.

Hajiya Mai Zogale:
Likita da Malama, sannunku da ƙoƙari. Ni ban yi zurfin boko irin naku ba, amma ina sauraron shirye-shiryen lafiya, kuma kullum ana cewa zogale da zoɓo da lemon tsami da tafarnuwa suna ɗauke da sinadaran da suke yaƙar irin wannan tsatsa. To, idan cutar tsatsa ce, kuma Allah ya hore mana maganin tsatsa a bayan ɗakunanmu, me zai hana a ce wa iyaye mata su dage da ba yara kwaɗon zogale? Sannan mu tun kakanninmu muna jefa alif a randa, wasu suna daka 'ya'yan zogale su zuba a ruwa ya kwanta, muna kuma tafasa wa jarirai nasu. Yanzu duk wannan ya tashi a banza ke nan?

Malamar Kimiyyar Jiki:
Hajiya, bai tashi a banza ba, amma kowanne da iyakarsa. Tafasawa tana kashe abu mai rai, dalma kuwa ba ta da rai. Ruwan ne yake tafiya a tururi ya bar ta, saboda haka wanda ya daɗe a kan wuta dalmarsa ta fi kauri. Sinadarin kulorin ma haka, ƙwayoyin cuta yake kashewa. Alif da 'ya'yan zogale suna tattara laka su kwantar da ita, kuma ƙarfen da ya manne a jikin lakar yana sauka tare da ita, amma wanda ya narke a ruwa garau ba za a dogara da su a kansa ba, kuma babu yadda uwa za ta gane a randa nawa ya fita nawa ya rage. Abin da yake cirewa sosai shi ne na'urar da take matsa ruwa ta cikin tantani mai matuƙar laushi, irin wadda wasu masu fiya wata suke da ita, wasu kuma suke cewa suna da ita.

Game da zogale, na san inda maganar ta samo asali, domin jami'o'inmu cike suke da irin wannan bincike: a ba ɓeraye dalma ko kadmiyom, a ba wani rukuni ruwan ganye, a yanka su a auna hanta da ƙoda, a ga alamun tsatsa sun ragu. Sakamakon gaskiya ne a ɓera, a 'yan makonni, da adadin da aka auna. Bai nuna cewa ƙarfen ya bar jiki ba, bai kuma nuna cewa ƙwaƙwalwar yaro ta tsira ba. An taɓa yin irin wannan zato a Turai da Amurka, aka ɗauka cewa tun da hayaƙin taba yana kawo tsatsa, ƙwayoyin sinadarin karas za su kare mashaya. Da aka gwada a kan dubban mutane a Finland, sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ƙaruwa ta yi a cikin waɗanda suka sha, kuma wani gwajin a Amurka sai dakatar da shi aka yi a 1996 saboda dalili iri ɗaya. Ina jin tsoron ranar da mai lasifika a kasuwa zai ɗauki wannan kalma ta tsatsa ya ɗora a kan kwalba.

Hajiya Mai Zogale:
Na ji, Malama, amma ki yi mini adalci. Matar da mijinta yake samun na abinci da ƙyar, ba ta da kuɗin na'ura, ba ta da kuɗin gwajin jini, ba ta da ikon tashin masu fasa batir. Idan kun ce tafasawa ba ta yi, alif bai yi ba, ganye bai yi ba, me kuka bar mata a hannu?

Likitan Yara:
Hajiya, tambayarki ta fi duk bayananmu nauyi, kuma a nan zan tsaya a ɓangarenki. Abinci yana da tasiri, sai dai ba ta hanyar da ake tallatawa ba. Ƙofar da hanji yake shigar da sinadarin ƙarfe na jini ita ce dalma da kadmiyom suke bi, kuma yaron da jininsa ya yi ƙasa jikinsa yana buɗe wannan ƙofa sosai, haka ma cikin da babu komai ya fi zuƙa. Saboda haka wake da ƙananan kifi da hanta idan an samu, da nono da miyar kuka da zogalen naki, da hana yaro yawo da yunwa, duk suna rage abin da zai shiga. Wanke hannu kafin cin abinci, da goge ɗaki da tsumma mai laima maimakon sharar da take tayar da ƙura, da hana mai sana'ar shiga ɗaki da kayan aikinsa, waɗannan ba sa cin kuɗi. Da safe kuma a bar famfo ya zuba na ɗan lokaci, a yi wanki da na farkon, sannan a tari na sha. Amma ragewa ce kawai. Ko maganin asibiti ba ma son bayarwa yaro ya koma gidan da ba a share ba, domin jininsa zai sake cika.

Ɗan Agadas:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Mu namu ƙarfen yuraniyom ne, wanda ake haƙa a Arlit tun 1971, da Akokan inda aka rufe mahaƙar a 2021. Mutane da sun ji sunansa sai tunaninsu ya tafi ga tururin nukiliya, alhali likitoci sun ce idan a ruwan sha yake, ƙoda ce take fara jin jiki, saboda shi ma ƙarfe ne mai guba kamar sauran. A 2010 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace tare da wani ɗakin bincike mai zaman kansa na Faransa, CRIIRAD, sun bayyana cewa huɗu daga cikin samfura biyar na ruwan da suka ɗiba a yankin sun haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na wancan lokaci, masu haƙar kuma suka musanta da nasu alƙaluman. Darasin da na ɗauka shi ne, a wurin da ruwa ɗaya ne babu na biyu, wanda yake riƙe da na'urar awo shi yake riƙe da magana. Malam Sakatare, idan za ku yi gwaji, ku kai wurare biyu da ba su san juna ba.

Ɗan Majema:
A gidanmu jima muka gada, kuma iyayenmu da bagaruwa suke aiki. Manyan masana'antun fata na Challawa da Sharada da Bompai a Kano da gishirin kuromiyom suke jima, ruwan da ya fito kuma yana bin magudanai zuwa kogin Challawa da na Jakara, inda masu lambu suke ban-ruwa da rani. Malama, na ji ana cewa kuromiyom iri biyu ne, ɗaya ba shi da haɗari sosai. Wanne ne namu?

Malamar Kimiyyar Jiki:
Malam, wanda ake jima da shi shi ne mai lamba uku, kuma da ƙyar yake ratsa bangon ƙwayar halitta. Mai lamba shida shi ne mugun, domin yana kama da wani gishiri da jiki yake buƙata, sai a buɗe masa ƙofa, kuma yana shiga jiki ya fara ƙoƙarin mayar da shi mai lamba uku, a cikin wannan juyin ne tartsatsi yake tashi a kusa da kundin gado. An tabbatar yana kawo sankara, musamman ga masu shaƙarsa. Abin lura shi ne na ukun yana iya rikiɗa ya koma na shida idan aka ƙona tarkacen fata, ko ya haɗu da wasu ma'adinai a cikin ƙasa, don haka ba a cewa an tsira don kawai da na uku aka fara.

Bari in koma kan gwajin Baba, domin akwai tarko a ciki. Ana yin wannan awo a sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, akwai kuma cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Zariya da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna. Ku karɓo roba daga wurinsu, kada ku wanke jarkar gida, kuma su ne za su ɗiga asid ɗin da yake hana ƙarfen mannewa a jikin robar. Ku ɗebi kashi biyu: na farko da asuba kafin kowa ya taɓa famfon, na biyu bayan ya daɗe yana zuba. Idan na asuba ne kaɗai ya yi yawa, laifin na famfo da bututu ne, gyaransa mai sauƙi, idan kuwa duka biyun ne, to daga ƙasa take. Sannan ku tambaye su mafi ƙanƙantar adadin da na'urarsu take iya gani, su rubuta a takardar. Na'urar da take aiki da harshen wuta sau da yawa ba ta iya hango dalma a matakin maikurogiram 10, sai ta rubuta cewa ba a gano komai ba alhali ruwan ya haura ma'auni.

Mai Haƙar Burtsatse:
Ƙari ɗaya: ku maimaita a tsakiyar damina. Awon rani ba zai nuna muku ko gefen bututun yana yoyo ba.

Sakataren Unguwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira wanda ya yi mana aikin, ya gaya mini zurfin, amma da na tambaye shi batun cikon siminti sai ya ce zai duba littafinsa ya kira ni, har yanzu ina jira. Na kuma zagaya bayan katangar bayan La'asar saboda maganar ɗan uwa Bazamfare, na tarar 'yan makarantar allo a can suke shanya allunansu, wasu ƙanana kuma suna wasan langa a kan toka mai ruwan ƙasa-ƙasa. Ranar Juma'a kwamiti zai zauna da mai unguwa da Liman. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne samarin nan 'ya'yanmu ne, biyu daga cikinsu marayu, kuma da wannan sana'a suke ciyar da iyayensu mata. Likita, idan kuɗin da muka tara bai isa a yi duka a lokaci ɗaya ba, da wanne za mu fara, ruwan ko jinin yaran?

Likitan Yara:
Baba, ku fara da abin da ba ya buƙatar kuɗi: daga gobe a hana yara zuwa bayan katangar, a roƙi malamin allo ya sauya musu wurin shanya, kuma kada kowa ya share tokar nan a bushe. Daga nan jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar na gidajen da suka fi kusa, da na gidajen samarin kansu, da masu juna biyu. Ruwan ya biyo baya da zarar an samu hali. Idan kun zauna da samarin, ku sa su ma a cikin waɗanda za a auna, domin su ne suke tsaye a kan hayaƙin.